Tambaya da Amsa: Gajere Ne Ni Kakkaura, Ina Zan Sami Rigar Nutso Daidai Jikina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan da na koyi nutso da tukunyar iska, kuma duk nutson da na yi, da rigar roba mai jiƙewa na yi shi. Yanzu aiki ya kai ni inda ruwan ba ya wuce digiri 8 zuwa 11, in na yi minti ashirin a ciki sai haƙorana su fara kaɗawa. Abokan nutsona sun ce sai na nemi busasshiyar riga, wadda ruwa ba ya shiga cikinta. Matsalar ita ce jikina. Tsawona santimita 163, nauyina kilo 92, ƙirjina 114, ƙuguna 104, wuyana 45, daga hantsa zuwa ƙasa 69. Na gwada riguna uku a shago. Wadda ta shiga ƙirjina ƙafafunta sun yi mini tsawo har suna tattarewa, wadda ta yi daidai da tsawona kuwa zif ɗinta ya ƙi rufuwa. Mai shagon ya ce in ɗauki babbar, wai a ruwa ba za a gane ba. Kuɗina ba su da yawa. Yaya zan yi?

Daga wani mai karatu

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, kada ka karɓi babbar nan a yadda take. Ba na zargin mai shagon da mugun nufi, wataƙila iyakar abin da ke rataye a wurinsa ke nan. Amma maganar a ruwa ba za a gane ba, a ruwan ne ma ake ganewa. A tudu, rigar da ta yi maka tsawo muni kawai za ta yi. A ƙarƙashin ruwa tana iya kifa ka, kai a ƙasa ƙafa a sama.

Wasiƙarka ta taɓa ni, domin kusan jikinmu ɗaya, santimita uku kacal na ɗara ka. Rigata ta farko ta hannu ce, na saye ta daga wurin wani dogon mutum da ya daina nutso. Ƙirji ya yi daidai, kafaɗa ta yi daidai, ƙafafu kuwa sun zarce nawa da kamar tsawon tafin hannu. Na ce ba komai, zan tattare su. A nutsona na huɗu da ita, muna wajen mita 14, na sunkuya in leƙa ƙarƙashin wani dutse. Kaina yana yin ƙasa, duk iskar da ke cikin rigar ta gudu ta taru a ƙafafu. Na ji takalmin rigar ya zame daga dugadugina, takalman iyon nan masu kama da ƙafar agwagwa suna reto, na buga ƙafa na ji ba na tura komai. Bawul ɗin da ke fitar da iska yana kan damtsen hagu, damtsen kuwa a lokacin shi ne can ƙasa, iska kuma ba ta gangara a cikin ruwa, sama take nema. Na fara tashi da ƙafa. Abokin nutsona ne ya cafko ni ta ɗamara, na samu na naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji na wuntsila, kafaɗa ta dawo sama, iskar ta fita. Allah ya kiyaye. Tun daga ranar ban sake yi wa rarar yadi a ƙafa kallon ƙaramin abu ba.

Ka riga ka san dalilin daga karatunka na farko, amma bari in tuna maka, don a nan ne yake aiki. Kowace mita 10 ta ruwa tana ɗora maka matsi daidai da na dukan iskar da ke kanmu a tudu. Robert Boyle ya bayyana tun 1662 cewa iska tana tsukewa gwargwadon yadda matsi ya ƙaru: a mita 10 ta koma rabi, a mita 20 kashi ɗaya cikin uku, a mita 30 kashi ɗaya cikin huɗu. In ka juyo sama abin ya juya. Iskar da ta maƙale a ƙafar rigarka a mita 10, kafin ka iso saman ruwa ta ninka biyu. Kowace lita ɗaya ta iska kuma tana ɗaga ka da ƙarfin kusan kilo ɗaya. To ka ga kana tashi tana kumbura, tana kumbura tana ƙara jan ka. Yawancin agogunan nutso suna fara ƙara ne in ka wuce mita 9 ko 10 a minti ɗaya, wanda iska ta ja da ƙafa kuwa yana wuce wannan nesa ba kusa ba, kuma ka san abin da gaggawar fitowa ke yi wa jini da huhu. Rarar yadi ɗaki ne ka gina wa iska. Ko ba ta kifa ka ba, za ta sa ka ɗaura dalma fiye da kima don ka nutse, ka yini kana fama da ita tana yawo daga kafaɗa zuwa ƙafa.

Ita ma ƙaramar ba mafita ba ce, ko da ka danne numfashi an ja zif ɗin da ƙarfi. Busasshiyar riga, musamman ta yadi, ba ita ke ɗumama ka ba. Aikinta ta hana ruwa taɓa ka, domin ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Ɗumin yana fitowa ne daga kayan da ka sa a ciki da 'yar iskar da suke riƙewa. In riga ta matse, ta danne kayan cikin, sanyi ya same ka ka kuma yi asarar kuɗinka. Ga takura numfashi, ga zif da ɗinki suna shan ja kullum har su gaji.

Abin da nake so ka riƙe, kowane tela ya san shi: yadi in ya yi yawa ana ragewa, in ya gaza ba a ƙarawa. Saboda haka faɗi za ka fara nema, da tsawon gangar jiki. Tsawon ƙafa da na hannu su ne na ƙarshe, domin su ne ake iya yankewa.

Kuma na duba lissafinka na ga abin farin ciki. In ka cire 69 daga 163, saura 94. Wato daga hantsarka zuwa tsakar kanka santimita 94 ne. Mutum mai tsawon 175 wanda ƙafarsa ta kai 81, shi ma 94 ɗin ne. Ma'ana gangar jikinka ta matsakaicin mutum ce, gajartar a ƙafa take. Da a ganga take da abin ya fi wuya, domin a gangar ne zif yake, kuma ba a cika taɓa wurin ba sai da tsadar aiki. Awon da zai tabbatar mana da wannan ba ka aiko da shi ba. Ka sa wani ya ɗora tef ɗin awo a kan kafaɗarka kusa da wuya, ya gangaro da shi ta ƙirji da ciki, ya bi ta tsakanin ƙafafu, ya hauro ta baya ya dawo inda ya fara. Wannan zagayen shi ne awon da masu ɗinka waɗannan riguna suka fi dogara da shi, kuma shi ne mutane suka fi mantawa.

Yanzu ta ina za ka samu?

Wasu kamfanoni suna da lamba ta musamman don gajeru. Santi na ƙasar Folan suna ƙara harafin S a bayan lamba, kamar LS da XLS, ma'ana faɗin L ko XL amma an rage tsawo. Bare na Kanada da DUI na Amurka su ma suna yin gajerun lambobi. Kada ka dogara da harafin, domin XL na wannan kamfani ba shi ne XL na wancan ba. Buɗe jadawalin awonsu ka bi santimita ɗaya bayan ɗaya. Sai dai in gaya maka gaskiya, ƙirji 114 yawanci ana yanka shi ne don mutumin da ya kai santimita 180 ko ya wuce, kuma gajerar lamba 'yan santimita kawai take ragewa. Tana iya kusantowa, da wuya ta iso 163. Ka gwada dai in ka samu, gwaji ba ya cin kuɗi.

Sai hanyar saye a yanke. Masu gyaran rigunan nutso suna yin wannan aiki kullum: a cire takalmin, a rage ƙafar daga ƙasa, a mayar da takalmin da gam da tef mai hana yoyo. Haka ma hannu, a cire robar da ke kama wuyan hannu ta hana ruwa shiga, a rage a mayar. Akwai ma wata riba a ciki ga mai irin jikinmu. Ƙafar riga tana tsukewa ne yayin da take gangarowa, don haka in an yanke ƙasan, inda ya rage ya fi faɗi, mai kaurin sha-raɓa sai ya ji daɗi. Amma akwai abin da yanka ba ya gyarawa. Facin kariya da aka manna a gwiwa yana nan inda aka sa shi don dogon mutum, kai kuwa sai ka same shi a ƙaurinka. Aljihun cinya sai ya sauko gefen gwiwa, kana iyo yana dukan ka, hannunka kuma ba ya kai masa sai ka karkace. Don haka in wannan hanya za ka bi, nemi riga marar aljihu, bayan an yanke ka saka ta ka tsaya, a yi alama da alli inda hannunka ya sauka, a manna aljihun a nan. In sabuwa ce, ka tambaya tun kafin ka biya ko gyaran waje zai soke garantin kamfani. Wasu kamfanonin suna rage ƙafa da hannu tun daga masana'anta in ka nema lokacin oda, wannan ya fi.

Hanyar da ni na bi daga baya, wadda kuma ita nake ba ka shawara, ita ce ɗinki a kan awonka. Mutane da yawa suna jin an ce haka sai su ja da baya, suna ganin ta masu hali ce. A manyan kamfanoni masu suna haka ne, ana ƙara kuɗi mai kauri. Amma akwai ƙananan masana'antu da ba sa bi ta hannun dillalai, kai tsaye suke hulɗa da mai saye. Seaskin da ke Lids a Ingila misali ne da masu nutso suka sani: a intanet kake cika awonka, ka zaɓi irin zif da robar wuya da takalmi, su ɗinka su aiko, kuma an san su da sauƙin kuɗi in aka gwama da manyan. Otter da ke Biradfod, can Ingila, su ma suna ɗinki a kan awo, haka O'Three da suka shahara a rigunan niyofirin, wato roba mai kumfa irin ta rigarka ta yanzu. In ka haɗa kuɗin riga ta kanti da kuɗin yanka ƙafa biyu da hannu biyu da sake manna aljihu, sau da yawa za ka ga ka kamo kuɗin wadda za a ɗinka maka tun farko. Ka yi wannan lissafin a takarda kafin ka yanke shawara, ka haɗa har da kuɗin aiko da ita da harajin shigowa in daga wata ƙasa ce.

Wahalarta biyu. Za ka jira makonni, wani lokaci watanni. Sannan in kai ka yi kuskuren awo, ba mai karɓar ta ya mayar maka da kuɗi, tunda ba ta shiga kowa sai kai. Saboda haka kada ka auna kanka da kanka. Mutum in ya sunkuya don ya karanta tef, awon ya riga ya canza. Sa wani ya auna ka, ku yi sau biyu a ranaku daban, in lambobin sun saɓa ku yi na uku. Karanta umarnin kamfanin da kyau, domin wasu suna son awo a kan 'yar riga mara nauyi su su ƙara sararin kayan ciki, wasu kuma suna son ka auna da kayan ɗumin a jikinka. In ka haɗa biyun, ka auna da kaya su kuma su ƙara, buhu za a aiko maka. Kuma ɗan'uwa, kada ka tsuke ciki lokacin awo, kada ka rubuta ƙugun da kake fatan samu bayan wata shida na motsa jiki. Rubuta jikin da kake da shi yau. In akwai wurin rubuta ƙarin bayani, gaya musu kai mai kaurin wuya da damtse da sha-raɓa ne, ka haɗa da hoto na gaba da na gefe.

Akwai wata riga da za a iya ambata maka, Fusion ta Aqualung, wadda asalinta ta kamfanin Whites na Kanada ce. Cikinta jaka ce mai yalwa, a waje kuma wata fata mai miƙewa tana tattare ta a jiki, shi ya sa lamba ɗaya take shiga mutane masu jiki daban-daban. Wasu gajeru suna yabon ta. Ni na same ta da wuyar sawa da jinkirin bushewa, amma in ka ci karo da ita ka gwada.

Batun abin da aka yi rigar da shi kuma, iri biyu ne za ka fi gani. Akwai niyofirin, irin robar rigarka ta yanzu mai ƙananan kumfa a ciki. Tana da ɗumi da kanta, tana miƙewa, tana yi wa mai tumbi sassauci. Amma kumfar tana matsewa in ka yi zurfi, ɗumin ya ragu, a sama kuma tana buƙatar dalma da yawa kafin ka nutse. Shi ya sa ake yin wadda aka riga aka danne kumfarta tun a masana'anta, ita wannan ba ta canzawa sosai. Sai yadi mai ninki uku, yawanci robar butil a tsakiya, yadin nailan ko makamancinsa ciki da waje. Ba ya ɗumi ko kaɗan, ba ya miƙewa, amma ba shi da nauyi, yana bushewa da wuri, yana da sauƙin faci, kuma kai ke zaɓar kaurin kayan ciki gwargwadon sanyin ranar. In a kan awonka za a ɗinka, mai ninki uku nake zaɓar maka. In kuwa ta kanti za ka saya ba gyara mai yawa, miƙewar niyofirin tana rufe ƙananan kurakuran awo da yadi ba zai rufe ba.

Zif ma yana da ruwa da tsaki a maganar tsawo, kuma ba a cika faɗa wa gajeru wannan ba. Rigar da zif ɗinta ke gaba, a karkace daga kafaɗa zuwa ƙugu, yawanci ana ƙara mata tsawon ganga da gangan don ka iya zura kai ta wuya kai kaɗai. Bayan ka shiga sai a ninke rarar a ƙugu, a riƙe da igiyar da ke bi ta hantsa. A jikin dogo ninkin ɗan kaɗan ne. A jikin gajere da ya sayi babbar lamba, ninkin yana zama wani tulin yadi daidai inda ɗamarar dalma take zama. Mai zif a baya, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ba ta da wannan rarar, kuma yawanci ta fi araha. Aibinta sai wani ya rufe maka ya buɗe maka, amma ai ba a nutso mutum ɗaya. Ka dai tabbatar tsawon zif ɗin ya isa kafaɗunka su wuce ba tare da an tanƙwara ƙarshensa ba, domin daga nan yake fara mutuwa.

Wuyanka na santimita 45 shi ne abin da na fi so ka yi hattara da shi. A gefen wuya biyu akwai manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, kuma a jikinsu akwai wani wuri mai jin matsi. In aka danne shi, jiki yana ɗauka jini ya hau, sai ya rage bugun zuciya. Mutum yana iya jin jiri, yana iya suma. Suma a tudu wani abu ne, a mita 20 wani abu ne daban. Robar wuya ta lateks tana zuwa ne a tsuke kamar mazurari, da zobba-zobba a jikinta don a san inda za a yanka. Ka fara ɗaura ta a kan tukunyar iska ta kwana ta saki, sannan ka yanka zobe ɗaya da almakashi mai kaifi, yanka ɗaya a miƙe ba tsaga, ka gwada. In ba ta yi ba ka ƙara ɗaya. Kada ka yanke biyu lokaci guda, abin da ka yanke ba ya dawowa. Sa ta ka zauna minti goma. In fuskarka ta cika, jijiyoyin goshi suka tashi, ko kai ya fara sarawa, ta matse. Daidai ita ce wadda ta kwanta a fata ko'ina, kana haɗiyar yawu kana magana ba wahala.

Mai gajeren wuya kuma ya lura da abu biyu. Robar wuya ta niyofirin ana ninke bakinta ne zuwa ciki, tana son wuya mai ɗan tsawo, in babu sai ta tokare haɓa. Ta silikon tana da laushi, ita ce kuma mafita ga wanda fatarsa ba ta jituwa da lateks, amma gam ba ya kama ta, sai an sa wani zobe a jikin rigar da zai riƙe ta. Zoben nan a kan mai faɗin kafaɗa da gajeren wuya yana iya danna ƙashin wuya in an ɗora igiyoyin tukunya a kai. Ga ƙarin kuɗi. Da ni ne, da lateks zan fara.

A ƙafa, in an ba ka zaɓi tsakanin takalmi manne da riga da kuma safa mai laushi wadda ake sa takalmi mai igiya a kanta, ɗauki safar. Igiyar takalmin tana ɗaure ƙafa, iska ba ta samun wurin taruwa, ƙafarka kuma ba ta zamewa kamar yadda tawa ta yi. Ana kuma sayar da wani maɗauri da ake naɗewa a sha-raɓa don ya matse rarar yadi. Yana taimakawa in rarar kaɗan ce. Dalmar da ake ɗaurawa a idon sawu kuwa ba na son ta a matsayin maganin riga mai tsawo, gajiya kawai take ƙara wa ƙafa, matsalar tana nan.

Duk rigar da za ka gwada, ko a shago ko wadda aka aiko maka, gwada ta da kayan ɗumin da za ka nutse da su, da safa mai kauri. Rufe zif, tsuguna ka ɗan buɗe robar wuya da yatsa iska ta fita, ka miƙe. Yanzu ta kwanta a jikinka kusan yadda za ta yi a ruwa. Ɗaga hannu biyu sama, in hantsar ta ja ka ko wuya ya shaƙe ka, gangar ta gaza. Kai hannu bayan ƙeya kamar za ka murɗa kan tukunya, dama da hagu. Rungume kanka, ka ji ko baya ya ɗaure. Ɗaga gwiwa ka ɗora ƙafa a kan kujera kamar mai hawa tsanin jirgin ruwa da kaya a baya. Durƙusa ka kama tafin ƙafarka kamar mai sa takalmin iyo. Sannan ka duba inda hantsar ta tsaya: in ta sauko ta nufi tsakiyar cinya, ba za ka iya buɗe ƙafa da kyau ba ko da an yanke ƙasan. Bawul ɗin damtse kuma ya zauna a gefen waje, inda in ka ɗan ɗaga gwiwar hannu zai zama shi ne ƙololuwa. A jikin mai gajeren hannu yakan zame ya koma kusa da gwiwar hannu ko ya juya gaba, ka duba wannan.

In kuɗin ba su kai sabuwa ba, ta hannu ba laifi ba ce, muddin faɗi da ganga sun yi. Fara duba zif, don shi ne mafi tsada a duk abin da ake canzawa. Haƙori ɗaya in ya karye ko ya karkace, ko gefen ya fara zare, ka sa kuɗin sabo a lissafi ko ka haƙura da rigar. Juya cikinta ka bi ɗinki, musamman hantsa da hammata, ka ga ko tef ya ɗago. Robar wuya da ta hannu in sun tsattsage ko sun yi danƙo kada ka damu sosai, dama abin canzawa ne, sai dai ka nemi ragi. Bawul in na Si Tech ne ko Apeks, su ne aka fi samu a yawancin riguna, kayan gyaransu ba sa wuya. Gwajin yoyo kuma kana iya yi da kanka: toshe hannuwan da kwalabe, wuyan da ƙwallo ko ƙaramin bokiti, rufe zif da bawul ɗin fitarwa, hura mata iska har ta miƙe, ka bi ta da ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, nan ne. In mai sayarwa ya ƙi a yi wannan gwaji, ka bar masa kayansa.

Wani tarko da mai neman araha ke faɗawa: za ka ga busassun riguna masu sauƙin kuɗi ƙwarai, ashe na masu tuƙa kwalekwale ne da aikin saman ruwa. Ba su da bawul ɗin shigar da iska, ba su da na fitarwa. In ka nutse da irin wannan, ruwa zai matse ta a jikinka, duk inda yadi ya ninke ya tsunkule fata ya bar shaida, motsi ma ya gagare ka. Rigar nutso ta gaske tana da bawul a ƙirji inda tiyo daga tukunya ke shiga, da wani a damtse ko a hannu. Waɗanda ake sayarwa a Turai za ka ga lambar ƙa'ida EN 14225-2 a jikinsu.

Inda za ka iya tsimi shi ne kayan ƙawa: aljihu biyu, launi, rubuta suna, safar hannu busasshiya, duk ana ƙara su daga baya. A kayan ciki ma kana iya farawa da rigunan sanyi na ulu ko na zaren roba mai gashi-gashi da kake da su, hawa biyu ko uku, kafin ka sayi na musamman masu Thinsulate, wani zare mai riƙe ɗumi. Auduga ce kawai ban yarda ka sa ba, tana shan gumi ta riƙe, ta koma sanyi a fata. Su ma kayan cikin kada su yi maka tsawo, in sun tattare a idon sawu ko suka toshe bakin bawul daga ciki, an koma gidan jiya.

Inda ba na so ka yi tsimi shi ne koyo. Ƙungiyoyin koyar da nutso irin su PADI da SSI da BSAC duk suna da darasin busasshiyar riga, gajere ne, ana farawa a tafkin koyon iyo ko ruwa mara zurfi. A nan za ka koyi sa iska kaɗan-kaɗan kana sauka, da fitar da ita kafin ta kumbura kana hawa, da cire tiyo da sauri in bawul ya maƙale yana ta hura ka, da wuntsilawar nan da ta cece ni. Shekara biyunka a rigar roba ba su koya maka waɗannan ba. Kuma akwai riba ta biyu: makarantun suna da rigunan haya iri-iri, ka ga ka sami damar shiga ruwa da biyu ko uku kafin ka fitar da kuɗinka, ka san ko zif na baya ya yi maka, ko niyofirin ko yadi.

Ka sake rubuto mini da awo huɗu: zagayen gangar nan da na kwatanta maka, kaurin cinya, kaurin sha-raɓa a inda ya fi kauri, da tsawo daga ƙashin bayan wuya zuwa wuyan hannu. In na gan su zan iya gaya maka ko gajerar lamba da ɗan yanka za ta ishe ka, ko kuwa kai tsaye ka nufi masu ɗinki a kan awo. Kafin nan, in sanyi ya fara kaɗa maka haƙora a ruwa, yi wa abokinka alama ku fito.